Riƙon Kujera a Ajin Asabar

Mai Firiji bai yi nisa a boko ba. Tun yana saurayi ya bar makaranta ya shiga koyon gyaran firiji, har hannunsa ya faɗa, ya buɗe nasa shagon a bakin titi, tsakanin mai faci da mai sayar da katifa. Mutum ne marar hayaniya. Yana da mata da 'ya ɗaya, wadda maƙwabta suka laƙaba wa Ƙanƙara saboda sana'ar ubanta, sunan kuma ya bi ta.

Akwai wani babban asibiti da yakan kira shi idan ɗakunan sanyinsu sun lalace. Wata rana shugaban masu gyara na wurin, wanda kowa ke ce wa Injiniya, ya ja shi gefe.

"Da kana da takarda, da tuni na ɗauke ka aikin dindindin," ya ce. "Kawo min satifiket kafin shekarar nan ta fita. Idan ta fita, wani za su ba, ba ni da ikon hanawa."

To, dama Mai Firiji ya daɗe yana lallaɓa karatu. Babbar makarantar garin tana da sashen ci gaba da karatu, na mutanen da aiki ya riƙe, ranar Asabar kawai ake shiga. Duk kwas ɗin da ka ci sai a rubuta maka kiredit, wato ladan wannan kwas, ka yi ta tarawa kaɗan-kaɗan har su isa satifiket. Shi kwas ɗaya ya rage masa, na rubutun rahoto, wanda kowa sai ya bi ta cikinsa ko mece ce sana'arsa. Doka ɗaya ce mai tsauri a sashen: wanda ya yi fashi fiye da yadda aka yafe, ba zai zauna jarrabawa ba, sai wata shekara. Shi kuwa ya riga ya cinye nasa fashin tun farkon zango, lokacin da Ƙanƙara ta yi ƙyanda. Asabar ɗaya ya ƙara rasawa, shi ke nan aikin asibiti ya wuce shi.

Ajin yana can ƙarshen baranda, a ƙasa, kusa da ɗakin da ake jibge karyayyun tebura. Kujerun irin masu hannu ɗaya ne da ake ɗora littafi a kai. Malamar da ke koyar da su dattijuwa ce mai tabarau masu kauri. Tun ranar farko ta ce ita ba ta riƙe suna amma tana riƙe sana'a, don haka da sana'a take kiran kowa, kanta a sunkuye, ba ta ɗagowa.

"Tela?"

"Ga ni, Malama."

"Direba?"

"Na iso lafiya, ba hatsari."

A nan ne 'yan ajin suke da wata al'ada tasu da suke kira riƙon kujera. Mutane ne masu aiki, wani a tsare shi a wurin aiki, wata ɗanta ya kwanta. To, wanda ya san ba zai zo ba sai ya bai wa na kusa da shi wani abu nasa, hula ko jaka ko gorar ruwa, a ɗora masa a kan kujera. In an kira shi, mai riƙon ya sunkuyar da kai ya amsa yadda mai kujerar ya saba amsawa. Lokacin kiran suna ba a waiwaye, kowa gabansa yake kallo, don kada ido ya tona wani. Wanda aka riƙe wa kuwa dole ya rama. Kuma riƙo ba ya ƙarewa sai mai abu ya zo da ƙafarsa ya ɗauke abinsa daga kan kujerar. Tela, wadda ita ce shugabar ajin, mace mai murya, ita ke kula da a bi waɗannan ƙa'idoji.

Mai Firiji bai taɓa shiga wannan harkar ba. Gani yake ƙarya ce, ko da kuwa ƙarama. Shi ya sa ma fashinsa ya tafi a banza.

A layin baya yake zama, su biyu kawai, shi da wani tsoho da ake kira Baba Masinja. Baba ya ƙare rayuwarsa yana kai fayil daga ofis zuwa ofis, ya yi ritaya, sannan ya zo ya fara tara kiredit. Ya fi kowa daɗewa a sashen. Kwas ɗaya yake ɗauka a shekara, wani ya ci, wani ya maimaita, shi ma wannan ne na ƙarshensa. Ba aiki yake nema ba. Ya ce so yake kawai ya ga takarda guda ɗaya da sunansa a kai, bayan ya gama ɗaukar na mutane. Kullum yana ƙamshin man zafi, kullum da baƙar lemarsa ko da rana ake ƙwallawa. In Malama ta ce "Masinja?" sai ya yi ɗan tari, ya ce, "Ina nan, Malama, ban tafi ba tukuna." Aji ya yi dariya, har aka saba aka daina.

Wata Asabar bayan an tashi, Baba ya riƙo hannun rigar Mai Firiji.

"Ɗana, ƙirjin nan ya matsa min. In ba ka gan ni ba mako mai zuwa, ka riƙe min kujera."

"Baba, ka san ni ba na yin abin nan."

"Na sani. Shi ya sa na zaɓe ka, ba wanda zai zarge ka." Ya miƙa masa lemar. "Saura ƙiris mu gama, kada a ce sai baɗi. Ni baɗi ta yi min nisa."

Mai Firiji ya dubi tsohon, ya kasa cewa a'a. Ya karɓa.

"To, kai ma ba ni wani abu naka, ko da wata rana," Baba ya ce. "Sai in rama maka. Ni ba a yi min alheri in kwana da shi."

Mai Firiji ya laluba aljihun gabansa, ya zaro tsohuwar testarsa, ɗan sukudireban nan da ake gwada wuta da shi, mai jan fitila a ciki. Baba ya juya ta yana murmushi.

"Wannan yaya take kawo haske?"

"Sai ka taɓa waya mai wuta, kuma ka ɗora yatsanka a kanta. In ba yatsan mutum, ba ta kamawa."

"Ashe ita ma sai da mai amsa mata," Baba ya ce, ya sa ta a aljihu.

Mako ya zagayo, Baba bai zo ba. Mai Firiji ya jingina lemar a kan kujerar. Can Malama ta ce, "Masinja?" Ya sunkuya, ya yi tari, ya ce, "Ina nan, Malama, ban tafi ba tukuna." Muryar ta fito a karkace, amma Malama ta wuce. Da aka tashi Direba ya dafa shi.

"Ustazu, yau ka shigo sahu ke nan. Amma tarin bai nuna ba, ka ƙara masa gishiri."

Mako na gaba ma Baba bai zo ba, haka na bayansa. Tarin ya nuna. Har ya kai Mai Firiji ba ya shirya muryar, da an kira sai ta fito da kanta, da 'yar rawar nan ta tsufa a ƙarshenta. Direba ya daina tsokanarsa, don shi kansa wani lokaci sai an tashi yake gane cewa Baba bai zo ba.

Abin da ya fara damunsa shi ne sanyi. Shi mutum ne da ya san sanyi, ya san na fanka, ya san na injin, ya san na siminti. Wannan daga kujerar Baba yake tasowa, ya kama masa gefen jiki na dama kawai. Wata rana ya kai hannu kan allon kujerar, ya ji shi a jiƙe da 'yan ɗigo-ɗigo, irin gumin da kwalba ke yi in an fito da ita daga firiji. Ya duba sama, ba yoyo. Ya shafa tasa kujerar, a bushe take, har da ɗumi. Ya goge hannunsa a wando, ya ci gaba da rubutu.

A gida ma matarsa ta lura.

"Baban Ƙanƙara, wai man zafi ka fara shafawa ne?"

"Ni? Ina na gan shi?"

"To rigarka ta makaranta shi take yi. Kuma wannan tarin tsofaffin da ka tsiro da shi fa? Tun ba a ba ka satifiket ɗin ba ka fara tsufa, in aka ba ka sai sanda ke nan."

Ya yi dariya don ta yi, amma dariyar ba ta kai ciki ba.

Da aka kusa ƙarshen zango sai ya ga ya kamata ya je ya duba tsohon, ya kai masa takardun darasin da aka raba. Baba ya taɓa kwatanta masa gidan, bayan tankin ruwa, mai koren ƙyaure. Ya je da hantsi. Wata mata ta leƙo da yaro a goye, ta ce ita 'yarsa ce. Da ya faɗi abin da ya kawo shi, sai ta dubi takardun.

"Ai Baba ya rasu," ta ce a hankali. "Yau makonni ke nan. Ranar da ya dawo daga makaranta ya ce ƙirjinsa, washegari da safe Allah ya karɓi abinsa."

Mai Firiji ya yi mata gaisuwa, ya yi wa mamacin addu'a. Bakinsa yana yi, zuciyarsa tana lissafi. Ke nan tun Asabar ta farko da ya amsa, babu Baba a duniya.

"Mun so mu sanar da makarantar," ta ce, "amma ba mu san wa za mu gaya wa ba. Shi kuma kafin ya cika ya ce kada mu damu, ya bar wanda zai tsaya masa. Ko kai ne?"

"Ajinmu ɗaya," ya ce kawai.

"Allah sarki. Yana yawan maganarka."

Har ya juya zai tafi, sai ya tsaya. "Ba ku ga wani ɗan sukudireba a kayansa ba? Mai jan fitila a ciki."

Ta ce ita ta wanke rigunansa da hannunta, ta zazzage kowane aljihu, ba ta ga komai ba.

A hanya ya yanke shawara. Asabar mai zuwa ita ce ta ƙarshe kafin jarrabawa. Zai je, ba zai ɗauki lemar ba. In an kira Masinja zai yi shiru, bayan an tashi ya gaya wa Tela, ita ta san yadda za ta sanar da Malama ba tare da an tono riƙon ba. Ya ajiye lemar a bayan ƙofar shago, ya jingina mata wani mataccen injin.

Ranar Asabar ɗin da safe yana ɗaura agogo, sai wayar Injiniya ta shigo. Ɗakin sanyin da ake ajiye magunguna ya tsaya, masu gyaran asibitin sun rasa kansa.

"Ranka ya daɗe, yau ina da aji."

"Na sani. In maganin nan ya lalace, ni da kai duk ba mu da bakin magana a wurin nan. Zo ka duba, ba zai ɗauke ka lokaci ba."

Mai Firiji ya kira Direba ya roƙe shi ya amsa masa in an kira suna.

"Ni a gaba nake zama, a ƙarƙashin hancin Malama, kujerarka kuwa tana can baya," Direba ya ce. "Kuma yau ina riƙe wa Mai Kemis. Kai ba Baba ne abokin riƙonka ba? Kira shi mana, ai ya isa ya warke, ya sha hutu a kanka."

Mai Firiji ya buɗe baki zai faɗa masa Baba ya rasu, sai ya kashe wayar.

Aikin ya ci lokaci. Wata 'yar waya ce ta ƙone a can cikin injin, sai da ya kwance rabinsa kafin ya kai gare ta. Da ɗakin ya fara ɗaukar sanyi, bai tsaya wanke hannu ba, ya hau babur ya kama hanyar makaranta. Ya san kiran suna ya wuce tuntuni. Tafiya kawai yake, ko zai roƙi Malama, duk da ya san ba ta taɓa ɗaga wa kowa ƙafa a kan fashi ba.

Rana tana tsaka da ya iso. Barandar ba kowa. Ya taka a hankali har tagar baya ta ajin, ya leƙa. Malama tana rubutu a allo, kowa ya duƙufa. Layin baya babu mutum. Kujerar Baba ba komai a kanta. A kan tasa kujerar kuwa, a tsakiyar allon rubutun, ga testarsa a kwance, an daidaita ta tsaf kamar yadda ake ajiye biro. Jan fitilar cikinta tana ci.

Ya daɗe a tsaye. Ƙa'idar ya sani sarai: ya shiga, ya ɗauki abinsa da hannunsa, riƙo ya ƙare. Amma ƙofar ajin ɗaya ce, a gaba take, dab da teburin Malama. In ya shiga yanzu da baƙin mai a hannu, za ta ɗago ta ga mutumin da ya amsa ɗazu yana shigowa daga waje. Daga nan babu jarrabawa. Ya tuna Injiniya. Ya tuna yadda Ƙanƙara take tambayarsa yaushe za a ba shi farar rigar asibiti. Ya ce a ransa, bari a tashi, in kowa ya fita sai in shiga in ɗauka, ai duk ɗaya ne.

Ya ja da baya, ya shige ɗakin karyayyun tebura, ya tsaya a bayan ƙofa.

Da aka tashi ya bari hayaniya ta yi yawa, sannan ya fito ya saje da mutane. Tela ce ta fara ganinsa.

"Kai kuma yaushe ka fito? Ban ga wucewarka ba."

"Yanzun nan."

"Ashe Baba ya samu sauƙi. Na ji ku a baya, shi da kai, ɗaya bayan ɗaya. Ina ya shiga? Ko gaisawa bai tsaya mun yi ba."

"Ya yi gaba," Mai Firiji ya ce.

Direba ya dube shi, ya dubi hannunsa mai baƙin mai. "Kai da ka ce min ba za ka samu zuwa ba? To wallahi ko ni ban iya kwaikwayo haka ba. In Baba ne ya amsa maka, a ba shi kiredit ɗin wasan kwaikwayo."

Malama ta fito da jakarta a hammata. Ta tsaya a gabansa, ta kalle shi ta saman tabarau.

"Mai Firiji, ka tsallake da ƙyar. Ka cika kwanakinka, sai jarrabawa."

Maganar ta zo masa har baki. Ya haɗiye ta. "Na gode, Malama."

Da baranda ta yi shiru ya shiga ajin. Testar ba ta nan. Ya duba ƙarƙashin kujeru, ya duba bakin taga, har kwandon shara ya zazzage. Allon kujerarsa ne kawai ya tarar a jiƙe, da sanyi kamar an fito da shi daga firiji. Na Baba kuwa a bushe.

An yi jarrabawa a babban zaure, aka gauraya su da 'yan wasu azuzuwa. Bai ɗaga kai ya nemi kowa ba. Da sakamako ya fito ya ci, kiredit ɗinsa suka cika. Tela ta kira shi tana murna, ta ce kusan kowa ya haye, har Baba Masinja, in ya gan shi ya ce tana taya shi murna. Ya ce to. Ya kai satifiket asibiti kafin shekara ta fita, aka ba shi aikin, aka ba shi farar rigar. Lemar kuwa da ya koma shago ya ɗaga injin da ya jingina mata, bai same ta ba, bai kuma tambayi kowa ba.

A wurin aiki abin ya fara. Injiniya zai leƙo ɗakin injuna ya kira shi, kafin ya ajiye sifana ya amsa, sai ya ji Injiniya ya ce "Yawwa, ci gaba," ya juya ya tafi. Ran nan mai shara ta ce masa sun gaisa da safe a bakin ɗakin sanyi, alhali shi a lokacin yana kan hanya. Ba wanda ya taɓa cewa ya makara. Ba wanda ya taɓa nemansa ya rasa. Sannu a hankali sai ya lura ba a cika kallon fuskarsa ba in ana magana, kamar an riga an gama da shi kafin ya iso.

Wata rana ya taso da wuri, da sauran rana. Ya tsaya a bakin ƙofar gida yana kwance igiyar takalmi. Yana jin ƙarar cokali a kicin, yana jin Ƙanƙara tana waƙa. Ƙofar ɗakinsa a buɗe take kaɗan, labule a sake.

"Baban Ƙanƙara?" matarsa ta kira daga kicin. "Ka dawo ne?"

Ya ja numfashi zai amsa. Daga cikin ɗakin aka yi ɗan tari.

"Ina nan," aka ce, da muryarsa, ba ta bambanta da komai ba.

"To ga abincinka nan zuwa. Ƙanƙara, kai wa babanki ruwa."

Yarinyar ta fito da kofi a hannu biyu, tana takawa a hankali don kada ya zube. Ta wuce ta gabansa, kusa har gefen rigarta ya taɓa gwiwarsa, idonta a kan ruwan. Ta ture labulen da kafaɗa ta shiga. Kafin labulen ya koma, ya hango ɗan jan haske a kan teburin gefen gado.

Ba nisa. Taku kaɗan ne daga inda yake zuwa teburin, ya shiga ya ɗauki abinsa da hannunsa. Ya ji Ƙanƙara tana dariya a ciki, irin dariyar da take yi in ya ɗaga ta sama. Matarsa ta fito da tire, ita ma ta wuce shi ta shiga.

Ya cire ɗaya takalmin, ya jera su a gefen ƙofa yadda ya saba. A nan ya ga baƙar lemar, a jingine da bango, ruwa yana ɗiga daga bakinta, ga shi rabon garin da ruwan sama an daɗe. Ya tsaya kusa da ita da safa a ƙafa, yana jira ko za a sake kiransa, don wannan karon ya riga amsawa.